Ɗantani Mai Matse Bidiyo

Abdulbaqi ne sunansa na yanka, amma in ka shiga Dukawuya kana cigiyar Abdulbaqi sai ka wuni kana zaga lunguna ba wanda ya nuna maka gida. Ka ce Ɗantani mai bidiyo, yanzu a kai ka har zaure. Ran Litinin aka haife shi, daga nan sunan ya samo asali. Mahaifinsa ya rasu tun bai yi wayo ba, mahaifiyarsa ta yi wani auren a Gezawa, shi kuma ya tashi a hannun ƙanin mahaifinsa, Baffa Ɗalha, baduku na gado kuma ladanin masallacin layinsu. Matar Baffa, 'Yardada, ita ta raine shi tare da 'ya'yanta, kuma ba ta taɓa bambanta su ba, ko a tuwo ko a duka.

Baffa ya so ya gadar masa da dukanci. Ya zaunar da shi a zaure, ya ba shi basilla da wuƙa da guntayen fata. Abin da ya bayyana tun da wuri shi ne yaron yana da ido. Daga bakin ƙofa zai hango ɗinkin da ya karkace, ko inda rini bai kama fata daidai ba. Amma in aka ce to kai yi naka mu gani, sai ya ɓata fata ya soki yatsa. Rannan Baffa ya karɓe basillar ya ce, "Ɗantani, Allah ya ba ka ido ya hana ka hannu. Mai irin wannan rabo, ko dillali ko magulmaci. Sai ka zaɓa."

Ɗantani bai zaɓi ko ɗaya ba. Ya bi wani mai ɗaukar biki a Kabara, zamanin da kyamara take kamar buhun gero a kafaɗa, ana zura mata kaset. A nan ya gane akwai sana'ar da ido ne jarinta. Kafin ya auri Kande ya mallaki kyamararsa, ya kama ɗan shago a wajen Ƙofar Ruwa, tsakanin mai sayar da tayil da mai sayar da bututun ruwa.

Duk wanda ya san shi a lokacin ya san cutarsa guda ce, wato hoto ya fito tar. In yana kallon aikin wani ya ga fuska ta yi dishi-dishi, sai ya ji kamar an zuba masa yashi a shinkafa. Yakan tsayar da ango da abokansa a rana har gumi ya jiƙa musu wuyan riga, don kawai aikin malum-malum ya fito zare-zare. Ya taɓa sa aka sake shigowa da amarya zauren walima saboda fitila ta yi masa gardama. Mutane suna ƙorafi, amma in kaset ya iso gida aka sa a talabijin, sai ƙorafin ya koma yabo. Da kaset ya wuce aka koma faifai, ya yi murna, don hoto ya ƙara kyau. Ya ɗauka haka duniya za ta ci gaba, kullum hoto yana ƙara fitowa, shi kuma yana ƙara daraja.

Sai waya ta zo.

Maƙwabcinsa mai tayil, Alhaji Sani, shi ya fara kawo masa maganar. Ya aurar da 'yarsa, Ɗantani ya yi masa aiki na gani na faɗa, ya kai masa faifai cikin kwali mai hoton ango da amarya. Washegari sai ga Alhaji da faifan a hannu ɗaya, cinkon waya, 'yar ƙirar China, a ɗaya hannun.

"Malam Ɗantani, juye min shi a nan. Ba ni da lokacin zama gaban talabijin. So nake in nuna wa mutane a kasuwa."

"Alhaji, wannan ai kamar ka ce in juye ruwan randa a ludayi ne."

"To zuba min na ludayin, sauran ka sha."

Ya yi masa, cikin ɓacin rai. Hoton da ya fito a wayar bai fi kwalin ashana ba, fuskoki sun farfashe sun zama gida-gida kamar saƙar tabarma, amarya da ƙawayenta ba ka ce ga wannan ga waccan. Ya miƙa wayar yana kawar da kai. Alhaji Sani kuwa ya duba ya ce bai taɓa ganin abin burgewa irin wannan ba, ya zagaye kasuwa da shi, kuma kafin mako ya ƙare mutane sun fara layi a shagon Ɗantani, kowa da faifansa da wayarsa.

Da Ɗantani irin mutanen nan ne masu yin aikin da suka tsana da ganganci, da ya huta. Amma idonsa bai bar shi ba. Tunda dai dole a ɓata hoto, ya ce, to a ɓata shi da tsari. Ya zauna gaban kwamfuta ya koyi abin ciki da waje. Ya gane cewa kowane bidiyo kamar kaya ne da za a ɗora wa jaki, kuma kowace waya da irin nauyin da take iya ɗauka. Akwai girman hoton, wanda za ka rage. Akwai yawan hotunan da ke wucewa a cikin daƙiƙa, waɗanda in ka rage su da yawa sai mutane su riƙa tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Akwai kason da ake ware wa hoto da wanda ake ware wa sauti, in ka ƙara wa ɗaya sai ka rage wa ɗaya. Ya gane wa'azi, inda malam ke zaune wuri guda, yana jure matsi fiye da rawar biki, inda kowa ke motsi. Ya gane ƙananan wayoyi masu tocila 3GP suke ci, manya kuma MP4. In mutum ya shigo, kafin ya gaisa Ɗantani ya riga ya kalli wayar hannunsa ya yanke mata hukunci.

Da aka koma tura abu ta WhatsApp, sai batun data ya shigo, aikin ya ƙara yawa. Kowa so yake nasa ya tafi da sauri, ya buɗe da sauri, kada ya cinye wa dangi data su zage shi. Masu tayil da masu kayan gyaran mota suna son ɗan gajeren talla. Masu wa'azi suna son karatunsu ya kai ƙauye. Cikin birni kaf aka san babu mai matse bidiyo ya bar shi da sauran mutunci kamar Ɗantani. A hankali aka daina ce masa mai bidiyo, aka koma Ɗantani Matsi. Bai taɓa amsa sunan da sakin fuska ba, amma shi ya ciyar da gidansa, shi ya sa 'yarsa Ikram a makaranta har ta gama.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne mata. Sukan aiko a ce masa ya matse sosai. Da fari ya zaci tausayin data ne. Kande ce ta warware masa.

"Baban Ikram, kai kaɗai ne a garin nan kake son a ga komai. Wannan hazo-hazon naka yana ɓoye ƙuraje, yana ɓoye tamoji. Hajiyar da ka ɗauka ran Asabar, ai kyautata mata ka yi da ka dusashe ta."

Abu ɗaya ne ya riƙe masa zuciya. Duk aikin da ya yi, yana ajiye na asalin, mai nauyin, wanda ba a taɓa ba. Ya sayi babban rumbun ajiya na kwamfuta, baƙin abu kamar ƙaramin bulo, ya juye komai a ciki tun daga tsofaffin kaset, ya naɗe shi a ƙyalle ya sa a akwatin ƙarfe a ƙuryar ɗaki. Ya tsare shi daga ɓarawo, ya tsare shi daga yoyon damina, ba ya jona shi sai ya tabbatar wuta ta zauna daidai. Yakan gaya wa duk mai saurare cewa wata rana wayoyi za su girma, idon mutane zai buɗe, kowa zai dawo neman na ainihi. Wayoyin sun girma. Ba wanda ya dawo.

Da tsufa ya fara kama Baffa Ɗalha, Ɗantani ya sayi sabuwar kyamara, irin wadda in ta ɗauki mutum har gashin hancinsa sai an ƙirga. Ya ƙudurta cewa aikin farko da zai yi da ita na Baffa ne, kuma ba don kowa ba sai don kansa. Baffa ya ƙi.

"Me za ka ɗauka? Fata dai fata ce, ni kuma ba amarya ba."

Sai da 'Yardada ta sa baki, ta ce masa shekara nawa yana ɗaukar 'ya'yan mutane, yau ya zo gida za a kore shi. Baffa ya yarda, bisa sharaɗin ba zai sauya riga ba, ba kuma zai tsaya a rana ba.

Aka yi ɗaukar a zaure, da hantsi har zuwa la'asar. Baffa yana ɗinka kube da jar fatar akuya, yana hira kamar ya manta da kyamarar. Ya ba da labarin yadda ubansa ya koya masa jima, da yadda ake gane fatar da ta jiƙu daga ƙamshinta, da sunayen dukawan layin da suka mutu ba magaji. Yana dariya giɓinsa yana fitowa. Kyamarar ta kama komai, billen da ke kumatunsa na hagu, hakiyar da ta fara rufe masa ido ɗaya, rinin da ya zauna a ƙarƙashin faratansa har ya zama nasu. Da lokaci ya yi ya ajiye basilla, ya yi alwala, ya tsaya a ƙofar masallaci ya kira salla da muryar nan tasa da duk Dukawuya ta tashi da ita. Ɗantani ya kalli aikin a kwamfuta ya san bai taɓa yin kamarsa ba. Ya juye a rumbu, ya mayar akwati.

Ba a jima ba 'Yardada ta aika a kira shi. Ya same ta a tsakar gida tana tsinke zogale. Ta zaro wayarta daga lalita, 'yar ƙarama mai tocila, maɓallanta duk sun goge.

"Sa min Malam a nan."

"Inna, wannan wayar ba za ta ɗauke shi ba. Ki bari in zo da kwamfuta ki kalla da kyau."

"Kwamfutar zan sa a lalita? Kana yi wa mutanen kasuwa, ni ce ba za ka yi wa ba?"

Ya tafi da wayar, ya matse aikin da ya fi so a duniya har ya shige ɗan memorinta, ya kawo. Washegari ta aiko da ita, da saƙon cewa ba ta jin Malam, injin niƙan maƙwabta take ji. Da ya duba sai ya ga gaskiyarta. Ya ɗauki sautin ne ta kunne biyu, muryar Baffa a ɗaya, hayaniyar layi a ɗaya, wayar kuwa lasifika guda gare ta, kuma hayaniyar ta zaɓa. Ya haɗe sautin ya zama kunne ɗaya, ya yanke gurnanin injin, ya mayar. Ta sake aikowa. Wannan karon, in ji ta, Malam yana magana kamar an rufe shi a gwangwanin madara.

A nan Ɗantani ya yi abin da bai taɓa yi wa kowa ba. Wurin da ke cikin memorin bai isa a ƙara wa sauti ba sai an ƙwace daga hoto. Ya ƙwata. Ya rage girman hoton har ƙasa, ya rage motsin, ya tattara duk abin da ya samu ya ba murya. Ya ɗaga ta yadda ƙaramar lasifika za ta iya da ita ba tare da ta yi ƙara ba, ya saurara, ya gyara, ya sake saurara. Abin da ya fito, murya ce garau kamar Baffa na zaune kusa da kai, da wata inuwa mai hula tana motsi a cikin hazo.

'Yardada ta kara a kunne, ta saurara har kiran sallar ya ƙare. "Yanzu ka yi aiki," in ji ta.

"Inna, don Allah kada ki nuna wa kowa. Sunana zai ɓaci."

Ta ce to. Kafin Juma'a ta zagayo, matan layin duk sun tura a wayoyinsu.

Baffa Ɗalha ya rasu da damina, bayan gajeriyar jinya. Ɗantani yana cikin waɗanda suka saka shi a kabari. Bayan addu'ar bakwai, babban ɗan Baffa, Abdulhakeem, wanda ke aikin ofis a Abuja, ya ja shi gefe.

"Yaya, na ji ka ɗauki Baba da babbar kyamara. Wanda ke yawo a wayoyin mata ba ya ganuwa. Ina son na ainihin, mu raba wa dangi."

Duk da zafin rashin, sai da Ɗantani ya ji wani ɗan daɗi. Shekara da shekaru yana jiran wani ya faɗi wannan kalmar, ga shi an faɗa. Ya ce wa Abdulhakeem ya kwantar da hankalinsa, gobe zai ga mahaifinsa kamar ya miƙa hannu ya taɓa shi.

Da safe ya buɗe akwatin ƙarfe, ya warware ƙyalle, ya jona rumbun a kwamfuta. Maimakon ɗan kukan da ya saba yi, sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsattsagar tire. Ya cire ya sake jonawa. Ya sauya wayar jonawa, ya sauya kwamfuta. Ya ɗauke shi ya kai wa masu gyara, daga wannan shago a tura shi wancan, har ya dangana da wanda aka ce in ya kasa to a haƙura. Mutumin ya kara abin a kunne, ya girgiza kai. Ya tambaya ko ya faɗi ƙasa, Ɗantani ya ce a'a. Ko ruwa ya taɓa shi, ko wuta ta ja shi, ya ce ko ɗaya.

"To kwanansa ne ya ƙare," in ji mai gyaran. "Su ma suna mutuwa. Ba ka da wani kwafin?"

Ba shi da shi. Bai taɓa kawo wa ransa cewa abin da aka killace haka yana buƙatar na biyu ba.

Ya koma gida ya zauna a kan tabarma bai cire hula ba. Kande ta ajiye masa abinci, ya huce, ta ɗauke. Da yamma ta zauna kusa da shi ta ce ya yi haƙuri, Baffan ma da kansa ya tafi balle hotonsa. Abin da ya ƙara masa ciwo shi ne da ya bi wasu tsofaffin abokan cinikinsa yana ba su haƙuri cewa bukukuwansu sun salwanta, ba wanda ya nuna damuwa. Alhaji Sani ya zaro waya ya nuna masa bikin 'yarsa, yana nan, ya bi shi daga waya zuwa waya duk tsawon shekarun. Wani kuma ya ce ai sun daɗe da rabuwa da matar, Allah ya sa hakan ne mafi alheri.

Bai da yadda zai yi, ya nufi ɗakin 'Yardada, inda take zaman takaba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Inna, ki ara min wayarki in kwafi na Baffa."

"Wanne? Wanda ka ce kada in nuna wa kowa?"

"Shi."

"Ina mai kyan, wanda ka ce sai a kwamfuta?"

Ya gaya mata. Ba ta yi masa dariya ba. Ta miƙo wayar ta ce ya dawo da ita kafin magariba, don da ita take jin Malam in gidan ya yi mata shiru.

Ya tura wa Abdulhakeem ɗan abin da ya rage, tare da dogon bayani da ban haƙuri. Abdulhakeem ya amsa cewa ba komai, yanzu akwai manhajar da ke wanke tsohon bidiyo ta fito da shi sabo. Bayan kwana kaɗan sai ga shi ya saka sakamakon a zauren WhatsApp na dangi.

Ɗantani ya buɗe a shago. Hoton ya fito tar, fiye da duk abin da ya taɓa mafarki. Ga zaure, ga jar fata, ga wani dattijo yana ɗinki. Haƙoransa cif-cif, farare kamar tangaran. Kumatunsa sumul, ba bille. Idanunsa biyu garau. Gemunsa a gyare kamar na mai shirin zuwa taron banki. Manhajar ta duba hazon, ba ta ga Baffa ba, sai ta ƙirƙiro wanda ta ga ya dace. Kuma daga bakin wannan baƙon muryar Baffa Ɗalha ke fitowa, tana ba da labarin jima.

Abin da Ɗantani bai gaya wa kowa ba sai Kande shi ne, da farko idonsa ya ji daɗi. Sai da ya kalla har ƙarshe yana sha'awar yadda zaren hular ya fito, kafin zuciyarsa ta tuna masa cewa hular Baffa ba ta da wannan aikin.

Dangi kuwa sai sa albarka suke. Masu cewa Allah ya jiƙan Baba, ashe haka yake da kyau. Masu cewa kamar ya yi magana, alhali maganar yake yi. Jikokin da suka san shi da giɓi suka yarda cewa ƙila su ne ba su lura ba. Ɗantani ya ɗauki babbar wayarsa ya kai wa 'Yardada. Ta kawo ta dab da idonta, ta daɗe tana dubawa.

"Muryar dai ta Malam ce," in ji ta. "Wannan bawan Allah kuma daga ina?"

"Shi ne, Inna. Inji ne ya gyara shi."

"Da haka yake, da 'yan matan Kabara ba su bar min shi ba." Ta mayar masa da wayar. "Ka ce wa Abdulhakeem an gode. Kada dai a taɓa min nawa."

Matsalar sabon bidiyon ɗaya ce, nauyi. 'Yan'uwa na Gezawa da na Ɓagwai suka yi ta ƙorafin ya ƙi buɗewa, waɗanda ya buɗe wa kuma ya lashe musu data. Abdulhakeem ya bugo waya.

"Yaya, ka taimaka ka matse mana shi, yadda kowa zai samu. Ai kai ne gwanin."

Ɗantani ya ce ba zai yi ba, wannan ba Baffa ba ne. Abdulhakeem ya ce a hankali, "Na sani, Yaya. Amma 'ya'yana suna tambayata kamannin kakansu, ni kuma ba ni da abin nuna musu sai hayaƙi." Ɗantani ya tuna cewa shi ne ya yi alkawarin fuska ya kasa cikawa. Ya kwana biyu yana jan ƙafa, sannan ya zauna ya yi. Kuma da yake ba ya iya aikin banza, ya yi shi da kyau. Ya cire sautin da manhajar ta taɓa ya mayar da nasa na wayar 'Yardada, ya daidaita shi da motsin baki, ya fitar da kala biyu, na manyan wayoyi da na ƙanana.

Bidiyon ya zaga birni. A majalisu da wuraren ɗaurin aure aka riƙa tare Ɗantani ana yi masa barka, ana cewa wannan shi ne aikin da ya fi kowanne a rayuwarsa, hoto garau kamar madubi. Ya yi ta bayani cewa fuskar ba aikinsa ba ce, ba ma ta Baffa ba ce. Aka ce ka ji mutumin kirki, ba ya son yabo. Yabon da ya nema tun yana saurayi ya same shi a ƙarshe, har ya yi masa yawa.

Yanzu gemunsa ya yi fari, ya fara sa tabarau, yana nan a shagonsa na Ƙofar Ruwa. Ya rage zuwa biki, don kowane ɗan biki da kyamararsa a aljihu. Sai dai wani sabon ciniki ya biyo shi, wanda bai nema ba. Mutane suna kawo masa tsofaffin bidiyon iyayensu da suka rasu, suna cewa ya wanke musu kamar yadda ya wanke na Ladan.

Kwanan baya wata Hajiya Firdausi ta zo daga Kabara da na mahaifinta, ɗan guntu, an ɗauka a wajen saukar karatu, fuska duk ta narke. Ɗantani ya kalla ya ce mata shi ba ya wannan aikin. Ya yi mata bayanin cewa injin ba ya dawo da abin da ya ɓace, nasa yake ƙagowa. In tana so, zai gyara mata muryar ta fito sosai, wannan kam ya iya.

Ta saurare shi da ladabi har ya gama, ta yi godiya, ta tsallaka titi zuwa wani sabon shago mai gilashi. Ɗantani ya ci gaba da tallan bututun da yake yankewa. Bayan azahar sai ga ta ta dawo, fuskarta a sake.

"Malam, an yi min, ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ya ƙi tafiya, sun ce nauyi ya yi. Su da kansu suka ce in dawo wajenka."

Ɗantani ya gyara zaman tabaransa, ya miƙa hannu ya karɓi memorin. Ya jawo mata kujera, ya tambaye ta 'yan'uwan nata wace irin waya suke riƙewa.